'Yar Mesar Darduma Ta Ƙi Ci: Jira, Dabara, Ko Ɗura?

An narkar da daskararren ɗan ɓera daga firiza, an ɗumama shi, an miƙa wa 'yar mesar da dogon hantsaki. Ta zaro harshe sau biyu, ta janye kai, ta cusa shi ƙarƙashin naɗinta. Da gari ya waye ɓeran na nan inda aka ajiye shi, ya sandare. Mako ya zagayo, haka aka sake kwashewa. A daidai nan hankalin mai kiwo yake tashi, kuma a daidai nan ake tafka kuskuren da ya fi yunwar kanta illa: a yi ta sauya dabara dare bayan dare, a ƙarshe a buɗe mata baki da ƙarfi.

Hanyoyin da ke gaban mai kiwo sanannu ne. Ko ya gyara mata mazauni ya jira, ko ya sauya yadda yake miƙa abincin, ko ya sauya abincin da ƙamshinsa, ko ya ba ta mai rai, ko ya sa mata a baki, ko a yi mata ɗura. Kowacce tana da inda take aiki da inda take ɓata lamari. Yawan kwanakin da ta yi ba ta ci ba, wanda shi ne mutane suka fi ƙirgawa, ba shi ke nuna wacce za a ɗauka ba. Abu biyu ke nunawa: ta taɓa ci da kanta kafin ta zo hannunka? Kuma nauyinta yana raguwa?

Mesar darduma, wadda masana ke kira Morelia spilota, 'yar Ostareliya ce da tsibirin Niyu Gini, kuma zanen bayanta mai kama da saƙar darduma ne ya jawo mata sunan. Ba ta da dafi. Tana fitowa daga ƙwai da tsawon santimita 30 zuwa 40, nauyinta galibi giram 20 zuwa 30, cikinta ɗauke da ragowar kwanduwar da za ta riƙe ta makonni. Ba ta neman abinci sai ta yi saɓar farko, wato kwana 7 zuwa 14 bayan ƙyanƙyasa. A dawa kuma ba da ɓera take fara rayuwa ba. Ƙananan kulɓa da tsaka take kamawa, da dare, tana maƙale a reshe, sai ta yi girma sannan ta koma kan tsuntsaye da ɓeraye. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, dare da reshe da kulɓa, ya fahimci rabin dalilan ƙin cinta.

Tambayoyi biyu da sikeli

Mai ƙyanƙyasa na kirki ba ya sayar da 'yar mesa sai ta ci sau 3 zuwa 5 a jere, kuma yakan ba da takardar da ke nuna ranar ƙyanƙyasa, ranar saɓa, da abin da ta ci. Idan takardar ta nuna tana ci, to ta iya ci. Abin da ya sauya shi ne wurin zama, don haka can za a nemi matsalar, kuma zancen sa mata a baki bai ma taso ba. A koma a tambayi mai sayarwa dalla-dalla: wane irin ɓera, mai girman nawa, narkakke ko sabon kisa, da hantsaki ko ajiyewa ake yi, a wane irin mazubi take zaune, zafi nawa. Sai a kwaikwayi wannan sak. Idan kuwa ba ta taɓa ci ba tun da aka ƙyanƙyashe ta, aiki ne daban, kuma nan ne dabarun ƙamshi suke da amfani.

Sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya ya wadatar. A sa ta cikin ƙaramar roba mai murfi a auna sau ɗaya a mako ko duk kwana 10, a rubuta. Kashi ko fitsari kaɗai na iya sauke giram 1 ko 2, saboda haka awo ɗaya ba ya hukunci, jerin awo uku ko huɗu ake dubawa. Lafiyayyar 'yar mesa tana iya yin mako 6 zuwa 8 ba ta ci ba nauyinta bai motsa sosai ba. Iyakar da masu kiwo da likitoci suka fi riƙewa ita ce raguwar nauyi da kashi 10 cikin 100: mai giram 30 ta sauko 27. A duba jikin ma. Mai ƙoshi tana da ɗan faɗi da tsoka a gefen ƙashin baya. Wadda ta rame ƙashin bayanta yakan fito kamar tudun kunya, fata ta yi tattara a gefe, kai ya zama kamar ya fi ƙarfin wuya.

Gyara mazauni a jira

Wannan ce hanyar da ta fi kowacce warware matsala, kuma ita aka fi rainawa domin ba a ganin ana yin komai. Kuɗinta kaɗan ne, ba ta da haɗari, illarta ɗaya ce: tana cin lokaci, mako 1 zuwa 3.

A fara da zafi. Mesa ba ta samar da ɗumin jiki, da na waje take narkar da abinci, kuma idan ta ji wurin bai kai ba sai ta ƙi ci, domin abincin da bai narke ba ruɓewa yake yi a ciki. Ɓangaren ɗumi ya zama digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, ɓangaren sanyi 24 zuwa 26, da dare kuma kada zafin wurin 'yar ƙarama ya sauka ƙasa da 22. Ana samun haka da shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na mazubin, a haɗa ta da na'urar daidaita zafi. Shimfiɗar da ba a haɗa da na'urar ba tana iya wuce digiri 45 ta ƙona mata ciki. Kada a yarda da lambar da ke jikin na'urar kaɗai, a auna ƙasan mazubin daidai inda take kwanciya, a auna da rana, a sake aunawa da asuba lokacin da ɗaki ya fi sanyi. A Ostareliya ana ƙyanƙyasa ne wajen Disamba zuwa Fabrairu, sai 'ya'yan su isa sabbin gidaje daidai lokacin da hunturun can yake ƙaratowa, Yuni zuwa Agusta. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun daina ci haka kawai, sanyin asuba ne ya shigo ɗaki ba a lura ba. Zafin da ya wuce kima ma yana hana ci: idan ɗakin kansa yana kaiwa 35 babu inda za ta gudu ta sha iska, ci ba ya gabanta, kuma ranta ma yana cikin haɗari.

Sai girman wuri. Mai sabon kiwo yakan sayi babban akwatin gilashi don ƙauna, alhali ga halittar da shaho da sauran masu farauta ke ɗauka a dawa, fili tsoro ne. Robar ajiya mai murfi mai kullewa, mai cin lita 5 zuwa 7, tsawonta wajen santimita 30, wadda ba a gani ta cikinta tar, ta fi akwatin gilashi nesa ba kusa ba a watannin farko. A huda ƙananan ramukan iska daga ciki zuwa waje don kada kaifi ya karce mata hanci. A shimfiɗa takardar goge hannu a ƙasa, a sa maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, irin waɗanda idan ta shiga jikinta zai taɓa bango ta ko'ina. Kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, a ɗan matse shi, ya isa. A sa ƙaramin kwanon ruwa da ba ya kifewa. A gitta siririn sanda mai kaurin yatsa daga bango zuwa bango. Wannan sandan ba ado ba ne: da yawansu ba sa kai cafka sai suna maƙale a sama, kai na kallon ƙasa. Kada a yi amfani da salatif a cikin mazubin ko kaɗan, yana manne mata ya ɗaye fata.

Daga nan sai a ƙyale ta. Kwana 7 cur ba ɗauka, ba nuna wa baƙi, ba buɗe murfi sai don sauya ruwa. Ita kaɗai a mazubinta, nesa da talabijin, da ƙofar da ake bugawa, da kyanwa. Idan idanunta sun yi fari-fari kamar an zuba madara, launin jiki ya dushe, saɓa ce ke tafe. A wannan hali ba ta gani sosai, kuma yawancinsu ba sa ci har sai sun tuɓe, kwana 7 zuwa 14. A ƙara mata ɗan danshi, laimar wurin ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ko ɗan sama, a jira.

Hantsaki, ajiyewa, ko tsokana

Idan mazauni ya daidaita, abu na gaba shi ne yadda abincin ke isa gare ta. Tun daga narkarwa ake samun matsala. A fitar da ɗan ɓera daga firiza a sa a leda, a bar shi a firij ya kwana, ko a tsoma ledar a ruwan sanyi har ya saki. A matsa cikinsa da yatsa: in akwai tauri ko sanyi a tsakiya bai narke ba. Sannan a tsoma ledar a ruwan zafi na minti 5 zuwa 10 har jikinsa ya kai digiri 37 zuwa 40, musamman kai. Dalilin ɗumin shi ne mesar tana da 'yan ramuka a leɓɓanta masu jin zafin jikin abin farauta, ɓera mai sanyi kuwa a wurinta kusan babu shi. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana dafa ciki ta fasa tumbi, a guje ta. Wanda aka narkar ta ƙi, a zubar, kada a mayar firiza. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a lura: ɓeran da ya narke ya sake daskarewa a firiza ya lalace ko da ido bai nuna ba.

Miƙawa da hantsaki ita ce ta farko da za a gwada. Bayan magariba da awa ɗaya ko biyu, a rage haske, a buɗe murfi a hankali. A kama ɓeran ta ƙeya ko ta baya, ba ta wutsiya ba, don kansa ya fuskance ta. A kawo shi ta gefe ko ta ƙasan sanda, tazarar yatsu uku daga hancinta, ana ɗan karkaɗa shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya sauko mata daga sama maƙiyi ne. Alamar sha'awa a bayyane take: harshe na fita da sauri-sauri, wuya ya lanƙwashe, kai na bin ɓeran duk inda ya yi. In ta cafka ta nannaɗe, a ɗan ja kaɗan na daƙiƙa biyu ko uku don ta ƙara matsewa, sai a saki. Daga nan mai kiwo ya daskare a inda yake. 'Yan mesar darduma suna sakin abinci saboda inuwar hannu kaɗai, kuma haɗiya na iya ɗaukar minti 10 zuwa 20. Ko murfi kada a mayar sai ƙafafun baya sun shige.

Ajiyewa a tafi ta fi dacewa da mai tsoro, wadda da an buɗe murfi take gudu ko ta ɓoye kai. A ɗora ɓeran a kan murfin kwalba a bakin maɓoyarta, ko a rataya shi a kan sandan, a rufe, a yafa tawul, kada a leƙa sai safiya. Kada a ɗora shi daidai kan shimfiɗar ɗumi, kafin asuba zai kumbura ya yi wari. Akwai kuma masu sa ta tare da ɓeran cikin ƙaramin kofin roba mai ramukan iska, su ajiye kofin a cikin mazubin nata a ɓangaren da ba zafi. Yana aiki domin duk inda ta juya da ƙamshin take karo. Amma ɗauke ta zuwa wani akwatin ciyarwa daban a wani ɗaki, kamar yadda wasu ke ba da shawara, ga mai ƙin ci ƙarin firgici ne kawai, kuma mayar da ita da cikakken ciki na jawo amai.

Tsokana kuwa ta masu faɗa ce, kuma 'yan mesar darduma da yawa masu saurin sara ne a ƙuruciya. A riƙa taɓa ta da hancin ɓeran a gefen wuya ko a tsakiyar jiki, a hankali, har ta fusata ta kai sara. Saran farko da na biyu na kare kai ne, ta buga ta saki. Sau da yawa a na uku ko na huɗu haƙoranta, da suke lanƙwashe zuwa baya, sukan maƙale, ta ji ɗanɗano, sai ta naɗe. Wannan dabara tana da iyaka: minti 5 ya isa. Idan maimakon sara gudu take yi, a tsaya nan take, domin ci gaba zai koya mata cewa ɓera abin tsoro ne, kuma gyara wannan ya fi wuya. A taƙaice halinta ne ke zaɓa: mai bin ɓera da ido a ba ta da hantsaki, mai ɓuya a ajiye mata, mai sara a tsokane ta.

Duk wadda aka ɗauka, tsakanin gwaji da gwaji a bar kwana 5 zuwa 7, kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Wanda ya sauya girma da ƙamshi da lokaci a dare ɗaya, ko ta ci bai san me ya yi aiki ba.

Girma, iri, da ƙamshi

Mutane kan ɗauka cewa mafi ƙanƙanta ya fi sauƙin karɓa. A wurin wannan mesa sau da yawa akasin haka ne. Jinjirin ɓera mai jan fata, mai giram 1 zuwa 3, ba shi da gashi, yana hucewa cikin minti kaɗan, ƙamshinsa kuma ba shi da ƙarfi. Wanda gashi ya fara tsiro masa, mai giram 3 zuwa 6, yana riƙe ɗumi, kuma ya fi jan hankalinta. Ƙa'idar ita ce kaurin abincin ya yi daidai da inda jikinta ya fi kauri ko ya ɗara kaɗan, nauyinsa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nata. Kada siririn wuyanta ya ruɗe ka, yana buɗewa fiye da yadda ido ke zato.

Ɓerayen da ake kiwo don ciyarwa iri biyu ne, ƙaramin iri da babba, kuma ƙamshinsu ya bambanta. Mesar darduma ta yi suna wajen kafewa a kan ƙaramin iri. Matsalar tana zuwa daga baya, lokacin da ta kai mita 2 tana buƙatar ƙanana da yawa a ci ɗaya. Don haka wasu ke so su fara ta da jinjirin babban iri tun farko. Shawara ce mai kyau ga wadda ke ci. Ga wadda ta ƙi ci kuwa, a ba ta abin da ta fi karɓa, galibi ƙaramin iri, a bar zancen sauyi sai ta ci sau 8 ko 10 ta yi ƙarfi. A lokacin ana iya goga ƙaramin a jikin babban, ko a saƙa kan na biyu a bakinta daidai lokacin da wutsiyar na farko ke shigewa.

Ɓeran gida ko na gona bai shiga lissafi ba sam. Yana iya ɗauke da gubar ɓera da tsutsotsin ciki, kuma a Afirka ta Yamma akwai irin da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ga mutane.

Ƙamshi shi ne makamin wadda ba ta taɓa ci ba. Mafi sauƙi shi ne huda kan ɓeran da allura a matso ɗan ƙwaƙwalwa a shafa a hancinsa. Ba daɗin gani, amma ba ya kawo wata cuta, ba ya kuma saba mata da wani abinci daban, shi ya sa ya kamata a fara da shi. Na biyu ƙamshin tsuntsu: a wanke ɓeran da ruwa zalla, a tsane shi, a goga shi a jikin narkakken ɗan salwa ko ɗan tsako, ko a manna masa 'yan gashin tsako biyu uku a ka. Ruwan dafaffiyar kaza ma yana yi, muddin ba gishiri, ba albasa, ba sinadarin ɗanɗano. Ɗan salwa na kwana ɗaya kansa abinci ne, wasu da suka ƙi ɓera sukan wawure shi, sai dai kashinsu yakan yi ruwa-ruwa da wari, kuma ya yi wa mafi ƙanƙanta girma.

Ƙamshin kulɓa ko tsaka shi ya fi kowanne ƙarfi, tunda shi ne abincinta na asali, kuma shi ya fi tsada ta wata fuskar. Dabbobin dawa suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kama mesa, daskarewa a firiza na rage wasu ba ta kashe duka. Wadda ta ɗanɗana kulɓa kuma tana iya ƙin komai sai ita. A Ostareliya ma doka ta kare dabbobi masu rarrafe na ƙasar, ba a kama su haka nan. In za a yi, a tsaya ga ƙamshi kaɗai, kamar guntun saɓar kulɓa a manna a kan ɓera, sannan a riƙa rage shi a ci uku ko huɗu masu zuwa har ya ɓace.

Mai rai ko sabon kisa

Ɓera mai rai yana da motsi, ɗumi da ƙamshi na gaske, kuma gaskiya ne yana tada wasu da komai ya gagara. Amma ga abin da ke tare da shi. Wanda idonsa ya buɗe yana cizo, kuma mesar da ba ta jin ci ba ta kare kanta, ɓera na iya gwaguyar ta har ƙashi cikin dare ɗaya. Wanda idonsa bai buɗe ba ba ya cizo, sai dai in ta ƙi shi ba zai rayu ba tare da uwarsa ba, wahala ce aka ɗora masa a banza. A ƙasashe da dama dokokin kare dabbobi sun taƙaita wannan ko sun sa ana iya hukunta mai yi, don haka sai an duba dokar wurin. Sabon kisa, wanda ƙwararre ya kashe nan take ba tare da azabtarwa ba aka miƙa da ɗuminsa, yana ba da kusan duk amfanin ba tare da cizo ba. Shi ya kamata ya riga. In har an kai ga mai rai, mai kiwo ya tsaya a kai, minti 15, in ba ta kama ba a cire.

Sa wa a baki da ɗura

Waɗannan biyu ana yawan haɗa su, alhali tazara ce mai faɗi a tsakaninsu. A na farko kai kawai ake sa mata, ita ke haɗiyewa. A na biyu ana kai abincin har ciki ko tana so ko ba ta so.

Sa wa a baki yana da wuri ɗaya: wadda ba ta taɓa ci ba, mazauninta daidai, an bi dabarun da suka gabata na mako 6 zuwa 8, nauyi ya doshi iyakar kashi 10, kuma an tabbatar ba ta da ciwo. A zaɓi abu ƙarami fiye da na kullum, jinjiri mai jan fata ko wutsiyar babban ɓera, a jiƙa da ruwa don santsi. A riƙe ta a bayan muƙamuƙi da babban yatsa da manuni, riƙo mai taushi, sauran jikin a tafin hannu ko a hannun mataimaki don kada ta murɗe wuya. A danna hancin jinjirin a gaban leɓɓanta har ta buɗe, a shigar da kan kaɗai, a rufe bakin a hankali, a ɗan ja baya kaɗan don haƙora su kama. Sai a sauke ta cikin mazubi a tsaya cik. Wata za ta yi shiru na minti ɗaya ko biyu sannan ta fara tafiyar da muƙamuƙi, wata za ta tofar. In ta tofar a sake sau ɗaya ko biyu, daga nan a bari sai mako mai zuwa. Wutsiya ta fi sauƙin shiga, a fara da gefen mai kauri, amma ba ta da wani abin gina jiki sosai, amfaninta ta tada hanji. Kuma kafin kowane sa wa a baki, a fara miƙa mata da hantsaki tukuna, domin burin shi ne ranar da za ta kama da kanta. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya iya ya nuna masa da hannu.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. Maƙogwaronta siriri ne kamar leda, tura abinci da bakin hantsakin ƙarfe na iya huda shi. Ƙofar numfashinta tana ƙasan baki ta gaba, abin da aka danna ba daidai ba yana toshe ta. Haƙora kan karye su bar rauni da ke zama ruɓar baki. Kuma tsoron da ta sha na iya mayar da ita baya makonni. Garin neman gira a rasa ido ke nan, musamman in an yi wa wadda sanyi ne kawai ya dame ta.

Ɗura da sirinji da siririn bututu aikin likitan dabbobi ne wanda ya san masu rarrafe. Yakan fara da ruwa, domin ciyar da wadda jikinta ya bushe na iya lalata ƙoda. Sannan ya lissafa abincin ruwa gwargwadon nauyinta, ya fara da kaɗan. Jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika shi farat ɗaya, gishirin jini yakan rikice har ya kai ga mutuwa. Ɗura tana riƙe rai ne kafin a magance ciwo, ba ta koya wa mesa ci.

Akwai alamun da in an gan su duk wannan kwatance ya tsaya, sai likita: kumfa ko majina a hanci da baki, numfashi da baki buɗe ko da ƙara, wani abu kamar cuku a dasashi, kumburi a tsakiyar jiki, kai na karkacewa ko ta kasa juyowa in an kifar da ita, kashi mai jini ko wari na daban. Ciwon huhu na ƙwayar nidobairos sananne ne a wannan dangi na mesa, ana gano shi ta gwajin majinar baki. A riƙe sabon kashinta a leda don a duba tsutsa. A duba kwanon ruwa da takardar ƙasa ma: 'yan ɗigo baƙaƙe kamar garin masoro, masu motsi, ƙwari ne dangin kaska da ke shan jininta, kuma su kaɗai sun isa su hana ta ci. Kada a fesa mata maganin ƙwarin gida, yana kashe 'yan ƙanana.

Ranar da ta ci, a bar ta awa 48 ko fiye ba taɓawa, a tabbatar ɗumin bai sauka ba. In ta amayar, dalilin galibi ɗaya ne cikin huɗu: sanyi, abinci ya yi girma, tsakiyarsa bai narke ba, ko an ɗauke ta da wuri. Kada a sake ba ta washegari don a rama. Ruwan ciki ya ƙona maƙogwaro, yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 ya warke, sannan a ba ta rabin girman na da. Amai biyu a jere na likita ne. In kuwa ya zauna, a maimaita komai yadda aka yi, irin ɓeran, lokacin, hanyar, bayan kwana 5 zuwa 7, a rubuta kwanan wata da nauyi. Sai ta ci sau uku a jere kafin a fara ɗaukar ta, kuma a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko abincinta, domin masu rarrafe da ɓerayen firiza duka suna iya ɗauke da salmonela. Babban akwatin gilashin nan ya jira har ta yi wata shida zuwa shekara tana ci ba fashi.